Wiwi a Kunun Baba

A gidanmu da ke Fadaman Mada ba a shan maganin gargajiya sai wanda ya kawo shi ya fara kurɓa. Haka muka taso muka tarar. Ba zargi ba ne, ladabi ne: ka kawo jiƙo ko tsimi, ka yi bisimilla, ka kai bakinka, sannan ka miƙa wa mara lafiya. Mahaifina bai taɓa yi wa wannan al'ada sassauci ba. Ko ƙanwarsa ce ta aiko da sassaƙe daga ƙauye, wanda ya kawo sai ya ɗanɗana. Ƙwayar asibiti kaɗai ya ɗauke wa wannan sharaɗi, wai ita hukuma ta riga ta ɗanɗana mana.

Baba gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Mu biyu ta bari, ni da yayana namiji, ma'aikacin gwamnati da ke zaune da iyalinsa a wata unguwa. Ni kuwa da mijina ya rasu sai na kwaso yarana biyu na dawo gida, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Yelwa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da ciwon daji ya kama shi, ya fara daga mara ya bi ƙashin baya da kwatangwalo, babu wanda ya zauna ya raba aiki. Ni ce a gidan, jinya ta zama tawa.

Wanda bai taɓa jinyar ciwon da ya shiga ƙashi ba, don Allah ya rage yi wa mutane wa'azin haƙuri. Baba ba rago ba ne. Na taɓa ganin allurar keke ta huda masa yatsa ta ɓullo ta ƙasa, ya zare ta ya ci gaba da hira. Amma wannan ciwo ya mayar da shi abin tausayi. Da farko salati yake yi idan zugin ya taso. Daga baya salatin ya gagara, sai wani nishi mai tsawo da ba na son tunawa. Abin da ya fi damunsa shi ne maƙwabta su ji. Mutumin da unguwa ta saba tashi da muryarsa, ga shi yana gurnani da rana tsaka. Sai ya riƙa cewa in kunna rediyo in ƙure ƙara. Ina wanke-wanke a tsakar gida, ana zaɓen waƙoƙi da gaishe-gaishe, ni kuwa ina jiyo shi ta ƙarƙashin kiɗan.

A asibiti akwai maganin kashe zafi na ruwa, mofin, wanda idan an samu yakan kwantar da shi. Idan an samu fa. Yau akwai, gobe babu, jibi a ce mai riƙe da makullin ma'ajiya ba ya nan. Tun da aka tsananta a kan miyagun ƙwayoyi saboda samarin da ke shaye-shaye, komai mai ƙarfi sai da takarda a kan takarda. Ban ce kada a tsananta ba, ni ma uwa ce, kuma ina ganin yaran da suka lalace a bakin kwalbati. Amma tsohon da ko banɗaki ba ya iya zuwa da ƙafarsa, shi ma an sa shi a layi ɗaya da su. Ƙwayoyin da ake samu a kemis kuwa amai suke sa shi, ga cikinsa ya ɗaure, abinci ya gagara. Ya rame har zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa.

Wata abokiyar aikina ce ta fara yi mini maganar. 'Yar kudu ce, mijinta na da shagon kayan gyaran mota, ta daɗe a Bauchi har Hausa ta zauna a bakinta, ko da yake har yau "babanka" take ce mini. Ta tarar da ni a bayan aji ina share hawaye lokacin tara. Ta ce surukarta irin wannan ciwo ne ya kashe ta, kuma a watanninta na ƙarshe ganyen wiwi suka riƙa sa mata a abinci, ta samu barci, ta samu cin abinci. Wallahi sai da na ji kamar ta zage ni. Na ce mata mahaifina ladan ne. Ta ce surukarta ma shugabar mata ce a cocinsu, ciwon bai tambaye ta ba. Na bar wurin ina huci, amma maganar ta bi ni har gida.

Ban yi gaggawa ba, kada wani ya ce na yi. Likita na fara tambaya, wani matashi mai kirki da ke duba Baba. Na jira ma'aikaciyar jinya ta fita sannan na yi tambayar, kaina a ƙasa. Bai yi mamaki ba, da alama ba ni ce ta farko ba. Ya ce a wasu ƙasashe doka ta yarda a ba irin su Baba, a auna musu daidai, kuma wasu na samun sauƙin zafi da amai, wasu ba sa samu, wasu ma kansu yake juyawa. Ya ce ba ya warkar da ciwon, kada kowa ya ruɗe ni. Amma a nan, in ji shi, laifi ne mai kai mutum gidan yari, da mai sayarwa da mai saye da mai ajiyewa. Ba zai rubuta ba, ba zai ce in yi ba, kuma idan aka tambaye shi, ba mu yi wannan magana ba. Na ce to me zan yi idan mofin ya ƙare. Ya buɗe hannuwa ya ce in dawo mako mai zuwa, ƙila a kawo.

Daga nan na je wurin limamin masallacinmu, aminin Baba tun ƙuruciya. Na durƙusa daga bakin zaure na ce wata baiwar Allah ce ta aiko ni da tambaya. Ya saurara har na gama. Ya ce abin da ke gusar da hankali haramun ne, wannan babu ja. Amma malamai sun yi magana a kan larura, wasu sun sassauta wa mara lafiya idan babu wani magani na halal da zai tsaya a madadinsa, aka tsaya iya buƙata, kuma likita amintacce ya ce a yi. Ya ce in gaya wa baiwar Allahn ta samo maganar likita. Na fito ina jin kamar in kurma ihu a tsakiyar layi. Malam ya tura ni wurin likita, likita ya nuna mini doka, doka kuma ba ta da ofishin da ake shiga a gaya mata cewa wani tsoho yana cizon matashin kai a Fadaman Mada.

Yayana ban ko tunkare shi ba. Na san shi. Kullum bayan an tashi aiki zai zo da lemo da kankana a leda, ya zauna bakin gado, ya ce sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Baba kuma sai ya dake, ya haɗiye nishinsa har ya tafi, don kada hankalin ɗansa ya tashi. Ni ce ba a jin kunyar tayar wa hankali. Ba na cewa Yaya ba ya son mahaifinsa, shi ke ɗaukarsa a mota zuwa asibiti, shi ke cicciɓarsa. Amma ciwon da ya sani na bayan la'asar ne, wanda aka yi wa wanka aka shafa wa turare.

Ranar da na yanke shawara, mofin ya yi kwanaki da ƙarewa, kuma na shiga ɗaki na tarar Baba ya yage bakin zanin gado da haƙora. Ba zan faɗi inda na samo ba, ba zan faɗi ta hannun wa ba. Na dai je da kaina, cikin hijabi, ina ƙanƙame jakata duk lokacin da keke napep ɗin da na hau ya rage gudu kusa da masu kaki. Aka gaya mini yadda ake haɗa shi da man shanu. Na yi, na zuba a wata 'yar kwalba, na ɓoye a bayan tukwane. Washegari na ɗiga kaɗan a kunun gyaɗarsa na kai masa, na ce wani maganin ganye ne aka ba ni, an ce yana rage zafi. Ban yi ƙarya ba, iyakar gaskiyar ce ban cika ba.

Ya karɓi kofin, ya sunsuna, sai ya miƙo mini.

"Bisimilla, Uwata. Fara."

Kai, na yi lissafin komai, na yi lissafin 'yan doka, na yi lissafin Yaya, amma wannan ya shige mini. In na ƙi, ya gane akwai magana. In na sha, ni lafiyata ƙalau, babu wata larura da ta rufe ni. Duk sassaucin da Malam ya ambata na mara lafiya ne, ba na mai miƙa kofi ba. Na dube shi, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Na yi bisimilla na kurɓa. Ya shanye sauran a hankali.

Ranar na tsaya gaban allo ina jin ƙafafuna kamar na aro, ko don maganin ne ko don tsoro, oho. Daga nan na mayar da ba shi sai na dawo daga makaranta. Kullum sai na kurɓa, kullum. Ina taɓa leɓe kawai in ya kau da kai, in ya zuba mini ido kuwa sai na haɗiya. Na yi salloli da wannan abu a cikina, kuma na sani. In akwai hisabi a kai, ni za a tambaya, na kuma shirya amsata.

Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce ya warke ba. Zafin na nan, sai dai ya ja gefe ya ba shi wuri. Ya yi barci har da minshari. Amai ya tsaya. Wata safiya ya ce sha'awar cin masa yake yi, da miyar taushe, na aika aka sayo da zafinta, ya ci biyu da rabi ina tsaye ina kallo kamar wadda ba ta taɓa ganin mutum na tauna ba. Ya sa aka fitar da shi zaure, ya zauna kan kujera mutane na wucewa suna gaishe shi. Wani tela ya kawo kan kekensa, Baba ya saurari ƙararsa kawai ya gaya masa inda za a ɗaure. Ya tsokani 'yata, ya ce ya fasa aurenta tun da ba ta iya dama kunu ba. Na ji dariyar mahaifina, wadda na riga na fitar da rai da sake ji.

Akwai kuma ɗaya gefen, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci yakan yi shiru ya ƙura wa bango ido. Yakan maimaita labarin da ya gama bayarwa. Wata azahar yana salla a zaune ya sallame ya kira ni, ya tambaye ni raka'a nawa ya yi, don lissafin ya kuɓuce masa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaye bayan liman. Na ce huɗu ya yi, alhali ban ƙirga ba. Abin ya tsaya mini a rai, na rage yawan abin da nake ɗigawa, amma ban daina ba.

Abin da ya tona ni ba ɗan doka ba ne, ba kuma maƙwabci mai sa ido ba. Kirkin Baba ne. A wurinsa, wanda ya samu maganin da ya yi masa aiki ya ɓoye wa ɗan'uwansa, ya yi zalunci. Tun muna yara, in aka dace da maganin basir ko na shawara a gidanmu, sai an zaga da shi layi. To ga shi ya samu sauƙi, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa Uwata ta samo wani ganye mai albarka. Mata suka fara tare ni a hanya, wannan mijinta na ciwon baya, waccan uwarta ba ta barci. Na yi ta kwana-kwana, ina cewa mai maganin ya yi tafiya, wanda ya rage kaɗan ne. Baba har ya fara yi mini faɗa, wai yaushe na koyi rowa.

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar. Yaya na nan da ledarsa, Liman ma ya shigo dubiya. Na kai wa Baba kununsa, na yi kurɓina, na fita ɗebo wa baƙi ruwa. Ina dawowa na jiyo Malam na ba da labarin gwiwoyinsa, wai yanzu sujada sai da dabara, tashi kuma sai ya dafa bango. Na ɗaga labule ke nan na ga kofin a hannun Malam. Baba ya sha rabi ya miƙa masa sauran, yana cewa ya gwada ya gani, ai an riga an ɗanɗana. Malam ya yi bisimilla ya ɗaga kofin. Mutumin da zai ja mutane sallar magariba ba da jimawa ba.

"Allah ya gafarta Malam, kada ka sha."

Da ƙarfi na faɗa, har ruwan da ke hannuna ya zube. Malam ya tsaya da kofin a gaban baki. Ya dube ni, ya dubi kunun, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya gane baiwar Allahn da ta aiko ni. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Baba ya tambaye ni mene ne a ciki. Na tsaya ina kallon ƙafata. Ya sake tambaya, ba faɗa, ba ɗaga murya. Na ce wiwi ne.

Yaya ne ya fara tashi. Ya ja ni tsakar gida ya rufe ni da faɗa ƙasa-ƙasa, don kada a ji a waje. Wai na zubar da mutuncin gida, na mayar da ladan ɗan shaye-shaye a ƙarshen rayuwarsa. Wai in aka kama ni sunan wa za a kira, shi da aikinsa fa, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane fa. Wai na ba tsoho abu ba da saninsa ba, wannan cin amana ne. Wannan ta ƙarshe ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Amma ni ma bakina ba a ɗaure yake ba. Na ce ya zo ya wuni ɗaya, wuni ɗaya tak, ya aje kankanarsa ya riƙe ƙafafun Baba lokacin da abin ya taso, sannan ya dawo ya koya mini amana. Na ce masar da ya ga mahaifinsa ya ci yana murna, da me yake tsammani aka ci ta, da addu'arsa? Na faɗi maganganu da yawa ranar, wasu ban kyauta ba, amma ban janye ko ɗaya ba.

Baba ya sa Malam ya kira mu. Na shiga ina jiran tsinuwa. Ya jingina da bango, idonsa a rufe. Sallolinsa ya fara tambaya a kai, ko zai rama. Malam, Allah ya saka masa, ya ce babu ramuwa, bai sani ba, kuma hankalinsa bai gushe ba. Ya ƙara da cewa shi dai ya ga halin da Baba ke ciki kafin wannan abu da bayansa, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa mai irin wannan ciwo ya aikata haramun ba. Yaya ya motsa zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu. Zuciyata ta fara sanyi, na ce a raina an gama, za a bar mu.

Sai Baba ya buɗe ido ya ce, "Ita fa, da take kurɓa?"

Malam ya ce wannan mai sauƙi ne, a daina sa ni kurɓa. Baba ya gyaɗa kai.

"Ita fa, da take zuwa sayowa?"

 Malam ya ce wannan kam ba ta littafi ba ce, ta hukuma ce. In aka tare ni da shi a jaka, shi ba shi da abin da zai nuna, likita ma ba zai tsaya mini ba. Baba ya tambayi Yaya ko gaskiya ne ana ɗaure mutum a kan wannan, ko mace ce, ko don mara lafiya ne. Yaya ya ce ƙwarai. Baba ya ce to shi Yaya zai je ya riƙa sayowa? Yaya ya sunkuyar da kai. Har yau ban manta da wannan sunkuyon ba.

Baba ya ce in je in yi alwala, Yaya kuma ya ɗauko Alƙur'ani a kan kanta. Na gane abin da yake nufi, na ƙi motsi. Na ce Baba na iya hanyar, ba wanda zai kula da mace mai hijabi, na je na dawo ba sau ɗaya ba. Na ce na yarda a kama ni. Na tuna masa zanin gadon da ya yaga.

"Uwata," ya ce, "ni kwanaki suka rage mini. Ke marayu gare ki. Je ki yi alwala."

Na yi alwala ina kuka, kukan haushi ba na nadama ba. Na ɗora hannu na rantse ba zan sake sayowa ba, ba zan aika ba, ba zan karɓa daga hannun kowa ba. Shi ya riƙa faɗa ina maimaitawa, bai bar mini ko ƙofa ɗaya ba, don ya san 'yarsa. Yaya ya sa na nuna masa kwalbar. Ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a masai, ya wanke ta da omo har sau biyu, ya kife ta a kan randa. Da zai tafi ya ce in yi haƙuri, zai nemo mofin ko a ina yake.

Ya nema, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya je har wani gari ya samo kwalba ɗaya, ta yi mana kwanaki ta ƙare. Ciwon kuma ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Abinci ya tsaya. Zaure ya gagara, juyi a kan gado ma sai mun taru. Na ɗauki hutu a makaranta. Yaya ya fara zuwa da rana, ya ji da kunnensa, ya fita ya tsaya a bayan gida ya daɗe. Ban ce masa ga irinta nan ba, ko da yake maganar ta zo har bakina.

Ana tsakiyar zafin bazara ne, babu wuta, ina yi masa fifita da rana. Mu biyu ne a gidan. Tun safe yake fama, muryarsa ta dushe, leɓensa ya tsage. Sai ya kama hannuna ya jawo ni kusa da bakinsa.

"Uwata, babu saura?"

Na ce saura me, Baba, ko da yake na ji shi sarai.

"Na kunun. Ko ɗan kaɗan."

Na miƙe tsaye. Na ce yanzu zan je, kafin la'asar na dawo, rantsuwa kuma zan yi kaffara, ko azumin shekara ne zan yi. Ina laluben hijabina da hannu ɗaya, amma ɗayan hannun bai sake shi ba. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Yatsunsa suka nutse a wuyan hannuna.

"Kin rantse."

"To ya zan yi, Baba? Kai ka tambaya."

"Duba kwalbar."

Ya sassauta mini na je na ɗauko ta ya gani. Tas take, sai ƙanshin omo. Duk da haka ya ce in zuba kunu a ciki in girgiza. Na zuba, na girgiza, na ɗaga kansa na ba shi a cokali. Ya haɗiyi cokali biyu da ƙyar. Ya sake kama hannuna, muka zauna muna jira, ni da shi, alhali duk mun san babu abin da muke jira. Can ya ce babu komai a ciki. Na ce babu, Baba. Na sake cewa ya bar ni in je. Ya girgiza kai, ya ƙara damƙe ni. Haka ya riƙe ni har aka yi kiran la'asar, yana nishi yana ja, duk lokacin da na motsa sai ya ƙara matsewa.

Bai kai mako ba ya rasu, da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa, Malam na gefensa. Wajen zaman makoki kowa maganar haƙurinsa yake yi. An ce ciwon ya kankare masa zunubai, an ce irin wannan cikawa ake roƙo. Ina amsawa da amin, don ba a musu a wurin makoki, kuma ina fata haka ne. Matan da ke tare ni a hanya neman ganye mai albarka ba su sake tambaya ba, ban san me suka ji ba, ban kuma damu ba.

Wani lokaci nakan ji ana muhawara a rediyo, wannan ya ce a halatta don marasa lafiya, wancan ya ce in aka buɗe wannan ƙofa samarinmu sun gama lalacewa. Kowa da hujjarsa, kuma na ƙarshen ba mahaukaci ba ne, ina da ɗa namiji da ke tasowa. Amma nakan kashe rediyon, don babu ɗayansu da ya taɓa zuba kunu a wankakkiyar kwalba ya girgiza. Yarana suna nan tare da ni, ba a kama ni ba, ban rasa aikina ba, abin da Baba ya so ke nan kuma ya samu. Ni ce har yanzu ban san ko gode masa zan yi ko haushinsa zan ji ba. Abin da na sani shi ne, da ya ƙara sakin hannuna ranar, da na tafi.